Dan Allah mene ne HER2? An rubuta wa Babanmu gwajin, wata kuma ta ce na kansar mama ne

Yar_TudunWada

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu ilimin asibiti ku taimaka min, kaina ya kulle tun ranar Talata. Babanmu shekararsa 63, ya fi shekara huɗu yana fama da abin da muke ce ma olsa, duk sanda ta tashi sai a aiki yaro kemis ya siyo omeprazole da farin ruwan nan na kwalba ya sha ta lafa, haka muke ta yi ba wanda ya kawo komai a ransa. To tun bayan babbar sallah abu ya canza, loma uku huɗu sai ya ce ya ƙoshi, mutumin da ke tashi da malmala biyu, nama ma da yake so ya daina ci wai ƙamshinsa na tada mai zuciya, ya rame sosai, ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Muka kai shi asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa aka ƙara mai leda biyu, daga nan aka zura mai kyamarar nan ta maƙogwaro aka gutsuro ɗan nama aka kai lab. Sati uku muna jira, sakamako ya fito an ce ciwon daji ne na tumbi, hoton da aka yi kuma ya nuna ya taɓa hanta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Likita ya ce ba maganar tiyata yanzu, kemo za a fara, amma ya rubuta a sake wani gwaji a kan naman da aka cira, ya rubuta HER2. Ya yi min bayani wallahi amma hankalina baya jikina a lokacin, Yayanmu ne ya saba shiga wurin likita kuma ranar yana Abuja wurin aiki. Da na dawo gida maƙwabciyarmu ta ga takardar ta ce ai wannan gwajin na masu kansar mama ne, yayarta an yi mata shi aka ɗora ta a kan wata allura Herceptin, har ta ce akwai ragowar kwalba ɗaya a firjinsu in muna so su ba mu. Shine nake tambaya, me ya haɗa Baba da gwajin mama, ko kuskure aka yi a rubutun? Kuma shi gwajin dole ne, ko mu bar kuɗin mu sa a kemo? Ita kwalbar mu karɓa?

MaiLab_Kawo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya Ya sa kaffara ne. Ba kuskure ba ne, likitan ya yi abin da ya dace, kuma gaskiya na ji daɗi da ya rubuta tun kafin a fara magani. Ni aikina kenan, lab ɗin da ake duba nama, bari in yi miki bayani yadda nake yi ma 'yan uwana a gida.

Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ba a gani sai da madubin lab, kuma lafiyayyar ƙwaya ba ta rabuwa biyu don ta ga dama, sai an aiko mata saƙo. A jikin fatar kowace ƙwaya akwai wasu 'yan abubuwa da suka tsiro, rabi a waje rabi a ciki, a lab muna ce musu risefta, ki ɗauke su a matsayin makarɓan saƙo, kamar eriya. Saƙo ya zo daga waje ya maƙale a kan eriyar, sai ɓangarenta na ciki ya kunna, ya miƙa ma na gaba, na gaba ya miƙa ma na gaba har ya isa tsakiyar ƙwaya inda ake yanke shawara, a ce rabu, ko girma, ko kar ki mutu tukuna. Fatar cikin tumbi tana sabunta kanta cikin 'yan kwanaki saboda asid ɗin da ke cinta, kinga dole tana buƙatar wannan saƙon, ba mugun abu ba ne a asalinsa.

HER2 ɗaya ne daga cikin wasu 'yan gida ɗaya su huɗu, HER1 wanda aka fi sani da EGFR, sai HER2, HER3, HER4. Ba sa aiki su kaɗai, sai biyu sun haɗu sun riƙe juna sannan saƙo ke wucewa ciki. Sauran sai saƙo ya zo ya taɓa su kafin su miƙo hannu, shi kuwa HER2 har yau ba a gano wani saƙo nasa na kansa ba, hannunsa a miƙe yake kullum yana jiran wanda zai kama. In suna 'yan kaɗan ba matsala. Matsalar tana zuwa ne in ƙwayar gadon da ke ƙera shi, wadda ke zaune a kan kuromosom na 17, wato ɗaya daga cikin zaren gado da ke tsakiyar ƙwaya, ta maimaita kanta da yawa, maimakon kwafi biyu a samu rututu, sai ƙwaya ta cika fatarta da shi. An ƙiyasta lafiyayyar ƙwaya na da wajen dubu 20, mai ciwon kuwa tana iya kaiwa miliyan 2. Da sun yi wannan cunkoson sai su riƙa kama juna ba tare da kowa ya aiko komai ba, kamar Keke Napep da totur ɗinsa ya maƙale, direba ya saki hannu amma inji na ta ƙugi yana gudu. Shine ƙwaya ke ta rabuwa ba tsayawa.

Abin da ya sa maƙwabciyarku ta ce na mama ne, a can aka fara gane shi. Wani likita a Amurka, Dennis Slamon, shi da abokan aikinsa suka nuna a 1987 cewa kansar mama mai yawan HER2 ta fi saurin dawowa, aka yi maganin da ke kama shi, trastuzumab, wanda sunan kasuwarsa Herceptin, aka amince da shi a 1998. Daga baya aka ga ashe kansar tumbi ma wani kaso nata haka take, kamar mutum 1 cikin 5 ko cikin 6, kuma an fi samunsa in ciwon yana sama kusa da inda maƙoshi ya haɗu da tumbi. Ba ruwansa da mace ko namiji.

Ki lura da wannan lissafin, 1 cikin 5. Ma'ana huɗun da suka rage ko an yi musu allurar ba abin da za ta kama, asarar kuɗi ce kawai da wahalar da jiki. Shi ya sa gwajin bai zama ɓarnar kuɗi ba, shi ne ma zai hana ku ɓarna.

Ba za a sake zura ma Baba kyamara ba in Allah Ya so. Naman da aka cira yana nan an daskarar da shi cikin kaki, muna ce mai bulok, shi za a yanko siriri a zuba mai wani sinadari da ke rina HER2 ruwan ƙasa-ƙasa, sai likitan nama ya duba ya ba da maki, 0 ko 1+ ko 2+ ko 3+. In 0 ne ko 1+ babu. In 3+ ne akwai. In 2+ ne sai an ƙara wani gwajin da ake ce ma FISH wanda shi ƙirga kwafin ƙwayar gadon yake yi kai tsaye, kar ku yarda a tsaya a 2+ a ce a fara allura ko a ce babu. In lab ɗin da aka yi na farko ba sa yi, ku rubuta takarda ku nemi a ba ku bulok ɗin ku kai inda ake yi, kar a bar shi a rana ko cikin mota mai zafi, kaki ne narkewa yake.

Abu ɗaya da ke ba mu wahala a tumbi wanda mama ba ta cika yi ba, ciwon ba ya zama iri ɗaya ko'ina, wannan gefen ya rinu sosai wancan gefen ko ɗigo babu. Shi ya sa ake so mai kyamara ya gutsuro wurare da dama, biyar ko fiye. Ki duba takardar farko ki ga guda nawa aka rubuta an karɓa, in ɗaya ne ko biyu kuma sakamako ya zo babu, ki tambayi likita ko yana ganin a sake.

Bawan_Allah_Rigasa

Allah Ya ba shi lafiya 'yar uwa. Ni dai shawarata a haɗa da zuma da habbatus sauda da man zaitun, a dage da addu'a da sadaka, kuma akwai masu maganin gargajiya da ke cewa suna narkar da irin wannan ƙarin ba sai an yi kemo ba, don kemon nan na ga yadda ya kwantar da wani maƙwabcinmu, gashi ya zube ga amai, mutum ya shiga da ƙafarsa ya koma sai an riƙe shi. Ku yi tunani sosai kafin ku sa dattijo a ciki.

Famasis_Barnawa

Malam na Rigasa Allah Ya saka da alheri, addu'a da sadaka kam ba mai jayayya, zuma ma in likitansa bai hana ba kuma ba shi da suga ya sha. Amma maganar a bar asibiti a koma jiƙe-jiƙe ban goyi baya ba ko kaɗan, na ga mutane da yawa sun tafi wata uku huɗu sun dawo lokacin da ko ruwa baya wucewa, kuma ciwon Baba ya riga ya taɓa hanta, duk abin da ya sha hantar nan ce za ta tace shi, jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba zai iya ƙarasa ta. Aman kemo kuma yanzu akwai magungunan da ake bayarwa tun kafin a sa ruwan, ba kamar da ba.

Ƙanwata ga maganar kwalba. Ki yi ma maƙwabciyarku godiya sosai don zuciya ɗaya ta yi, amma kar ki karɓa yanzu. Na farko ba a san ko Baba na da HER2 ba. Na biyu maganin nan ba irin paracetamol ba ne, furotin ne, irin sojan garkuwar jiki da aka ƙera a masana'anta, dole ya zauna a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da shi kuma ba a barinsa ya ɗumame, ke kin san yadda wuta take a garin nan, firjin gida yana iya kwana biyu a kashe, kuma da ido ba za ki gane ya lalace ba. In an riga an buɗe an dama shi ma to magana ta ƙare. Na uku da nauyin mutum ake auna shi, karon farko miligiram 8 a kowane kilo, daga nan 6 a kowane kilo duk bayan sati uku ta hanyar ƙarin ruwa, kinga kwalba ɗaya ba inda za ta kai ku. In sakamako ya fito akwai, ku kai kwalbar ma famasis na asibitin ya duba kwanan wata da lambar NAFDAC ya ji tarihin ajiyarta, shi zai yanke.

Yadda yake aiki, MaiLab ya riga ya share hanya. Maganin yana zuwa ya maƙale a jikin HER2 ta waje, ya rage ƙugin nan da yake aikawa ciki, sannan jelarsa da ke waje ta zama kamar tuta, sojojin jini su gani su zo su far ma ƙwayar. Shi ya sa shi kansa baya zubar da gashi kamar kemo, don ba duk ƙwaya mai rabuwa yake bi ba. Amma tsokar zuciya ita ma tana amfani da HER2 wurin gyara kanta, don haka ana yin hoton zuciya, eko, kafin a fara kuma a riƙa maimaitawa lokaci lokaci. In Baba na da hawan jini ko ya taɓa kumburin ƙafa ko haki ku faɗa ma likita tun yanzu.

Zan faɗa miki lissafin yadda yake don kar a sayar muku da buri. Babban binciken da aka dogara da shi sunansa ToGA, an buga shi a 2010, mutum 594 a ƙasashe 24, dukkansu masu kansar tumbi da ta yi nisa kuma masu HER2. Waɗanda aka ba kemo kaɗai matsakaicin abin da suka rayu wata 11.1, waɗanda aka haɗa musu da trastuzumab wata 13.8. Da aka ware masu HER2 sosai, wato 3+ ko 2+ da FISH ya tabbatar, sai ya zama wata 16 a kan 11.8. Wannan matsakaici ne, rabin mutanen sun wuce haka wasu da nisa, kuma rai a hannun Allah yake ba a takarda ba. Amma ki gane cewa a wannan matakin maganin yana danne ciwo ne ya ƙara lokaci da sauƙi, mutum ya ci abinci ya je masallaci ya zauna da jikokinsa, ba a yi alkawarin zai cire shi gaba ɗaya ba. Ina faɗin haka ne don na ga gidaje sun sayar da fili da gona a kan zaton allura shida za a yi a warke. Ku zauna ku 'ya'yansa da likita ku tambaye shi ƙarara me ake sa ran samu, sannan ku yi shawara da Baban shi kansa, jikinsa ne.

Tsada kam akwai. Sauƙin da aka samu shine yanzu ba kamfani ɗaya ke yinsa ba, akwai makamantansa da wasu kamfanoni ke yi masu aiki iri ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta tantance na farko a ƙarshen 2019, kuma sun fi na asalin araha. Ku ce a rubuta muku trastuzumab ba sai lallai Herceptin ba. Ku siya ta hannun asibiti ko babban famasi mai rajista da ke da sanyi tsayayye, ban da wanda zai ce zai kawo muku a leda daga wani gari. In Baba tsohon ma'aikaci ne ko yana cikin inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya ku je ofishinsu ku ji me suke ɗauka, ko gwaje-gwaje da kwanciya aka rage muku an rage.

Hajiya_Malali

'Yata sannu, sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi miki albarka. Na karanta saƙonki sai da na yi hawaye don hanyar da na bi kenan da maigidana Allah Ya jiƙansa, shi ma olsa muka yi ta cewa shekara da shekaru. Shi gwajinsa ya zo babu HER2 ɗin, kemo kawai aka yi, kuma Alhamdulillahi ya samu sauƙi, azumi dai bai yi ba amma ya ga auren autarmu. Don haka ko an ce babu kar ki ɗauka an rufe ƙofa.

Ni abin da zan ƙara ba na ilimi ba ne na jinya ne. Ki daina zuba mai abinci a babban kwano, ganinsa ma kawai yana kashe mai zuciya. Ɗan kaɗan kaɗan sau shida ko bakwai a yini, kunun gyaɗa mai kauri, ƙwai dafaffe, faten dankali, kifi ɗanye a farfesu ba yaji, madara in cikinsa na karɓa, kuma kar ya sha ruwa da yawa a kan abinci ya cika wurin, ya bari sai an jima. Kar ya kwanta da ya gama ci. Likita ya ce min ƙarfin jiki shi ke sa a iya ci gaba da kemo, in nauyi na ta zubewa dole a dakata. Ku sayi sikeli ku riƙa rubutawa duk sati. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da waɗannan haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a kemis ku kwashe su daga ɗakinsa, su ke ƙara zubar jinin nan da ke sa bayan gida baƙi.

Sannan ku kanku. Bayan rasuwarsa likita ya sa duk yarana suka yi gwajin wata ƙwayar cuta ta ciki, uku a cikinsu aka samu suka sha magani na sati biyu. Ke da Yayanku da sauran ku tambaya a yi muku.

Kuma 'yata ki samu mai karɓarki, kar ki ce ke kaɗai za ki yi, jinyar nan doguwa ce.

DanShika_500L

Mama Hajiya Allah Ya jiƙan Alhaji Ya sa Aljanna ce makoma. Ƙwayar da kuke nufi sunanta Helicobacter pylori, kuma maganarku tana da alaƙa da bayanin Yaya MaiLab fiye da yadda ake zato. Ni ɗalibi ne har yanzu, abin da aka koya mana zan faɗa. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980, aka ƙi yarda da su har Marshall ya kurɓi ƙwayar da kansa ya kamu don ya nuna, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da tabbas suna jawo kansa. Yawanci tun yarinta ake ɗaukarta a gida, ta zauna shekaru tana sa fatar tumbi kumburi, kuma wani nau'inta yana da abu kamar allura da yake tsira ma ƙwayar tumbi ya zuba mata wani furotin mai suna CagA, shi kuma in ya shiga sai ya riƙa taɓa wayoyin nan na ciki kamar saƙo ya zo daga eriya alhali ba abin da ya zo. Ga gishiri mai yawa da abinci mai hayaƙi da taba suna ƙara mata ƙarfi. Mafi yawan masu ita ba za su taɓa yin kansa ba, kar kowa ya firgita, amma wanda mahaifinsa ya yi ya kamata ya gwada. Ana yi da bayan gida ko da numfashi, kuma sai an ajiye omeprazole sati biyu kafin gwajin in ba haka ba yana iya ɓoye ta. Kashe ta yanzu ba zai cire ciwon Baba ba, rigakafi ne ga 'ya'ya.

Anti mai tambaya, in HER2 ya zo babu akwai wasu ƙofofin da ake dubawa. Ƙari baya iya wuce girman 'yar ƙwayar gero sai ya jawo ma kansa jijiyoyin jini, yana aika saƙo mai suna VEGF, makarɓinsa kuma yana jikin jijiyoyin ne, akwai maganin da ke toshe shi, ramucirumab, an amince da shi a 2014, ana amfani da shi in maganin da aka fara da shi ya daina aiki. Sai na garkuwar jiki, sojojin jini suna da wani makarɓi PD-1 wanda birki ne, ƙwayar kansa sai ta nuna musu PD-L1 kamar mai nuna katin bogi a shingen bincike su ɗaga mata hannu ta wuce, magunguna irin nivolumab da pembrolizumab suna hana wannan gaisuwar, kuma aikin da ya kai ga haka shi ya ba James Allison da Tasuku Honjo Nobel a 2018. Akwai kuma zolbetuximab da ke kama wani furotin Claudin 18.2, Japan da Amurka sun amince da shi a 2024 don masu ciwon da ba su da HER2. Masu HER2 da trastuzumab ya daina yi musu aiki kuma an yi wani da aka ɗaura ma trastuzumab ɗin guba a jela, ya kai ta har cikin ƙwayar ya sauke. Gaskiya waɗannan duk sun fi ƙarfin aljihun yawancinmu kuma samunsu a nan aiki ne, na kawo su ne don ki san sunayen in likita ya ambata.

Abin da ya fi tsaya min a rai a darasin nan shine ba duk eriyar da aka toshe ke tsayar da ciwo ba. EGFR ɗan uwan HER2 ne, maganin da ke toshe shi, cetuximab, yana aiki a wasu masu kansar hanji, aka gwada a tumbi bai ƙara komai ba. Pertuzumab da lapatinib suna taimakawa a mama, a tumbi manyan gwaje-gwajen ba su kai ga abin da aka nema ba. Ƙwayar tana da hanyoyi da yawa, ka tare nan ta ɓulla can, wani lokacin ma maganin ya kashe masu HER2 ya bar marasa shi su cika wurin. Shi ya sa abin da ya yi ma yayar maƙwabciya aiki ba lallai ya zama na Baba ba ko da sunan gwajin ɗaya ne.

Abu na ƙarshe ki duba sunan ciwon a takarda. In an rubuta adenocarcinoma to duk bayanin nan nasa ne. In GIST aka rubuta wannan wani ciwon ne daban, makarɓinsa KIT, maganinsa ƙwaya ce ta haɗiya imatinib.

Yar_TudunWada

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah Ya saka muku da Aljanna. Na karanta ma Yaya duka a waya jiya da daddare, ya ce gobe zai shigo jirgin ƙasa in tare shi a Rigasa mu wuce asibiti tare. Na duba takardar kamar yadda kuka ce, adenocarcinoma aka rubuta, kuma Yaya MaiLab an rubuta guda shida aka karɓa, kenan ya isa ko? Mun rubuta takardar neman bulok ɗin yau da safe sun ce mu dawo ranar Litinin. Maƙwabciyarmu na yi mata bayani ta fahimta, ashe ma kwalbar tun bara take kuma an sha ɗauke wuta, ta ce za ta mayar asibiti su san yadda za su yi da ita.

Malam Famasis Baba na da hawan jini shekara tara yana shan magani, na rubuta a cikin tambayoyin da za mu yi, da maganar eko, da me ake sa ran samu. Malam na Rigasa na gode, zumar muna ba shi cokali ɗaya a kunu kuma an sa shi a addu'a a masallacin layinmu, amma asibitin za mu bi.

Mama Hajiya na yi yadda kuka ce, na zuba mai kunun gyaɗa a ƙaramin kofi maimakon kwano, ya shanye har ya nemi ƙari bayan la'asar, rabon da ya nemi abinci da bakinsa tun kafin a kwantar da shi. Ƙanwar Mamanmu za ta zo daga Zariya ta riƙa karɓata kwana biyu a sati. Har yanzu ba mu faɗa mai sunan ciwon ba, ya san dai akwai ƙari, Yaya ya ce shi zai zauna da shi in ya zo don ya fi jin maganarsa. In sakamakon ya fito zan dawo nan in rubuta makin da aka ba shi.